Keken Guragu Ba Ya Kifewa Haka Kawai

Ranar rabon kekunan guragu rana ce ta farin ciki a garuruwanmu. A kafa rumfa, a jera kekuna suna ƙyalli, manya su yi jawabi, a ɗora yaro a ɗauki hoto, a watse. Wanda ya ba da keke ya yi alheri, kuma ya cancanci godiya. Tambayata ita ce: bayan wata uku, wa ke komawa ya ga halin da keken yake ciki? Malaman da ke koyarwa a ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji sun san amsar. Wani keken yana jingine bayan rumbu taya a sace, wani an mai da shi na ɗaukar jarkokin ruwa, yaron da aka ba kuwa ya koma rarrafe a tsakar gida. In ka bincika, sau da yawa labarin iri ɗaya ne. Ya faɗi sau ɗaya ko sau biyu a hanyar makaranta, ya fasa goshi ko ya gurɗe hannu, uwa ta tsorata, uba ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Daga ranar karatu ya ƙare.

Wannan faɗuwar ce nake son mu tattauna, ni da ƴan uwana malamai da kuma iyaye. Mun saba cewa tsautsayi ne, ko mu ce yaron ne ba ya zama wuri ɗaya. Ra'ayina shi ne keke ba ya kifewa haka kawai. Akwai dalilin da ido ke iya gani, hannu ke iya gyarawa, kuma mafi yawan gyaran bai fi ƙarfin makarantar ƙauye ba. In haka ne, yaron da ya bar karatu saboda kekensa na kayar da shi, mu ne muka sa masa ido ya tafi.

Kada a ɗauka maganar mutum biyu ko uku ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 na buƙatar keken guragu, wato kimanin mutum miliyan 80 a duniya. A ƙidayar 2012, gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji a haɗe sun haura mutum 900,000, kuma kowa ya san yadda muka ƙaru tun daga lokacin. In muka auna da wancan ƙiyasi, ana maganar mutum wajen 9,000 ke nan. A ƙauye mai mutum 1,000, kusan 10. A cikinsu akwai yaran da ya kamata a ce suna zaune a azuzuwanmu.

Darasin amalanke

Duk wanda ya taɓa loda amalanke ya riga ya san rabin wannan ilimi. In ka tara buhunan gero a can baya, bayan tayoyi, gaban amalanken zai ɗaga har jaki ya kusa rataya. In ka tura su duka gaba, nauyin zai danne gadon bayan jakin, ya kasa tafiya. Gwanin mai amalanke yakan daidaita kayan a saman tayoyi, ya ɗan rinjayar da su gaba kaɗan. Keken guragu ma haka yake, sai dai kayansa mutum ne mai motsi, mai miƙa hannu, mai sunkuyawa, mai waiwaye in an kira shi.

Ƙa'idar guda ɗaya ce. A ƙaddara an rataya zare mai dutse a ƙarshensa, irin wanda magina ke duba miƙewar bango da shi, daga daidai cibiyar yaro zuwa ƙasa. Muddin dutsen yana sauka a cikin filin da ke tsakanin tayoyi, keke na tsaye. Da zarar ya fita daga filin, ta baya ko ta gaba ko ta gefe, keke ya tafi. Saboda haka duk abin da ya faɗaɗa wannan fili, ko ya saukar da nauyi ƙasa-ƙasa, ya ƙara wa keke tsayuwa. Duk abin da ya ɗaga mazauni sama, ko ya ja nauyi zuwa baki, ya kusantar da faɗuwa. Masu ƙera kekuna ma da wannan ƙa'ida suke gwaji: su ɗora gunki mai nauyin mutum a kan keke, su ajiye shi bisa katako, su riƙa karkata katakon har su ga inda taya za ta bar ƙasa.

Baya, gaba da gefe

Kifewa ta baya ita ta fi muni, domin ƙeya ce ke fara dukan ƙasa. Takan faru lokacin hawan tudu, ko in yaro ya fizgi tayoyi da ƙarfi, ko in ya miƙe ta baya zai ɗauko wani abu. Mu malamai mukan ƙara mata ƙarfi ba da saninmu ba: jakar littattafai da gorar ruwa da ake ratayawa a hannuwan tura keke daidai suke da buhun geron nan na bayan amalanke. Wurin jaka shi ne ƙarƙashin mazauni ko bisa cinya. In za a hau tudu kuwa, yaro ya sunkuyo da ƙirjinsa gaba. Wanda aka yanke wa ƙafafu biyu ya fi kowa shiga wannan haɗari, tun da nauyin ƙafafun da ke danne gaban keke babu shi. Irinsa dole a matsar masa da manyan tayoyi baya.

Kifewa ta gaba ita ce ta ƙasarmu, ƙasar rairayi. Ƙananan tayoyin gaba na keken asibiti sirara ne, an yi su don daɓen siminti. Da sun shiga yashi, ko sun ci karo da dokin ƙofa, ko sun faɗa ramin da ruwa ya haƙa, sai su tsaya cak, shi kuwa jikin yaro bai tsaya ba, sai ya zube ta fuska. Haka kuma in alƙalami ya faɗi ya sunkuya zai ɗauka, ko in ya taka matakin ɗora ƙafa da dukan nauyinsa lokacin sauka. Kafin a sunkuya, a ɗan ja keken baya kaɗan don ƙananan tayoyin su juyo su miƙe gaba, sannan a danna birki. Wannan ƴar dabarar tana ƙara tsawon filin da muka ambata.

Ta gefe kuwa ita ce matsalar hanya mai karkata, da kuma keke mai taya uku da ake murzawa da hannu, wanda ya fi yawa a wajenmu. Wannan keken gwani ne a doguwar tafiya, amma tun da taya ɗaya ce a gabansa, filin tsayuwarsa ya tsuke ta can. In aka sha kwana da gudu, sai ya kwanta ta kusurwar gaba. Duba bakin babban titi mai lamba 1 da ya ratsa Gidan Rumji, Agye da Gazawa: in babbar mota ta taho, yaro ya kauce, taya ɗaya na bisa kwalta, ɗaya ta nutse a yashi. Nan take keken ya karkata. Gangara ana hawanta ne a miƙe, a sauke ta a miƙe, ba a ratsa ta a kaikaice, kuma ba a juyawa a tsakiyarta.

Akwai lokaci na huɗu da ake mantawa, wato hawa da sauka: daga keke zuwa benci, zuwa tabarma, zuwa makewayi. Faɗuwa da yawa a nan take faruwa, keke yana tsaye wuri ɗaya amma ba a danna birki ba, sai ya zame.

Keke kamar takalmi yake

Babu uban da zai sai wa ɗansa mai shekara 7 takalmin babban mutum ya ce ya yi tsere da shi. Amma abin da muke yi da keke ke nan. Mafi yawan kekunan da ke isowa gare mu na manya ne. Yaro ya zauna a ciki kamar ƙwarya a ruwa, ya zame gefe guda, ƙafafunsa na lilo, hannunsa ba ya kai wa taya sai ya karkata. Banda faɗuwa, zaman karkace na shekaru yana iya lanƙwasa ƙashin bayan yaro mai tasowa.

Ga abin da uwa ko malami za su iya dubawa ba tare da wani awo na musamman ba. Faɗin mazauni ya zama daidai da ƙugun yaro, ba matsi, ba kuma filin da zai zame. Tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa a sami sararin yatsu biyu zuwa uku. Tafin ƙafa ya zauna sosai a kan matakinsa, matakin kuma ya yi sama da ƙasa da aƙalla santimita 5, don kada ya riƙa karo da dutse. In yaro ya zauna a miƙe ya saki hannuwansa, yatsunsa su sauka daidai cibiyar babbar taya. Tamfol ɗin mazauni in ya saki ya zama kamar raga, a shimfiɗa katako a ƙarƙashin matashin zama. Matashin kuwa dole ne, musamman ga wanda ba ya jin taɓi daga ƙugu zuwa ƙasa, domin gyambon zama yana kisa. Sai dai kada a tara matasai biyu ko uku, ɗaga mazauni ɗaga nauyi ne.

A nan akwai abin da zai ba wasu mamaki: keken da ya fi wuyar kifewa ta baya ba lallai ne ya fi aminci ba. In aka kai manyan tayoyi can baya, gaskiya ne ba zai tashi ta baya da sauƙi ba, amma nauyi ya koma kan ƙananan tayoyi, su kuma su ƙara nutsewa a yashi, turawa ta yi wuya, kafaɗun yaro su gaji. In aka kawo su gaba, keke ya yi sauƙin murzawa da juyawa, amma ya zama mai saurin ɗaga kai. Babu wuri ɗaya da ya dace da kowa. Sabon shiga a fara masa da baya-baya, in akwai ƴan tayoyin kariya na baya a bar masa su. In ya ƙware, ya koyi ɗaga gaban keke da kansa don tsallake dokin ƙofa, sai a matso da tayoyin gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka a tambayi yaron: ina kake jin tsoro, a ina keken ke ƙoƙarin kayar da kai?

Kuma yaran da ke buƙatar keke a yau ba duka irin na jiya ba ne. A da, mafi yawansu masu shan inna ne, ƙafafu sun shanye amma hannuwa da ƙirji ƙarfafa, keke mai taya uku ya dace da su. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna. Amma har yanzu akwai yaran da suka sami lahani a ƙwaƙwalwa wajen doguwar naƙuda, da waɗanda sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ya bar su da rauni, da waɗanda haɗarin babur ya karya wa baya. Da yawansu ba sa iya riƙe jikinsu a zaune. Ba wa irin wannan yaro keken murzawa mai dogon mazauni ba taimako ba ne. Yana buƙatar majingina mai tallafe gefe, da ɗamara a daidai ƙugu. Ina roƙon iyaye mata: kada a ɗaure yaro da gyale a ƙirji ko kusa da wuya. In ya zame ƙasa, gyalen zai iya shaƙe shi.

Ba kowane keke aka yi don ƙasarmu ba

Keken nan mai naɗewa da muke gani a asibitoci, asalin fasalinsa daga Amurka ne, tun farkon shekarun 1930, lokacin da injiniya Harry Jennings ya ƙera wa abokinsa Herbert Everest keken da zai shiga mota. Ya yi amfani ƙwarai a inda aka yi shi, ƙasar daɓe da kwalta. Waɗanda suka gyara fasalin don ƙasashe irin namu, masu hawa keken ne da kansu. Ralf Hotchkiss, injiniyan Amurka da haɗarin babur ya zaunar a 1966, ya yi shekaru yana aiki da maƙera a ƙasashe matalauta, kuma keken RoughRider da ya fito daga wannan aiki yana da dogon jiki, da faffaɗan tayoyin gaba masu bi ta saman ƙasa mai laushi, da ramuka da dama don matsar da manyan tayoyi gaba ko baya. A Ingila, David Constantine, wanda shi ma a keke yake, ya kafa ƙungiyar Motivation da abokansa biyu a 1991, suka fito da keke mai babbar taya ɗaya can gaba a kan dogon ƙarfe, don hanyoyin karkara. Nan kusa da mu a Kano, ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa ta daɗe tana ƙera kekuna masu taya uku a bitarta.

Darasin da ke ciki shi ne ba sihiri ba ne, awo ne da ƙarfe. Masu walda na Maraɗi, Tsibiri da Agye da ke ƙera amalanke da ƙofofi suna da hannun yin wannan aiki. Abin da ya rage musu shi ne a nuna musu ƙa'idar, kuma a zaunar da mai keken a gabansu kafin su yanka ƙarfe. Amma a yi hattara da gyaran ganin dama. Ɗaga mazauni don yaro ya kai tebur, ko liƙa akwatin kaya a bayan keke, na iya mai da lafiyayyen keke tarko. In tebur ya yi tsawo, teburin za a rage.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ba da keken guragu a ƙasashe masu ƙarancin hali, ta kuma fitar da sababbi a 2023. Matakai huɗu ta tsayar: a zaɓi keken da ya dace da mutum da inda yake zaune, a daidaita masa shi, a koya masa amfani da shi, a riƙa bibiya. Rabon rumfa da hoto ko matakin farko bai cika ba.

Rabin laifin na ƙasa ne

Ko keken ya fi kowane kyau, harabar makaranta na iya kayar da shi. Muna komawa aji a watan Oktoba, bayan damina ta gama zaizaye gaban ƙofofi. Inda aka gina gangaren hawa, sau da yawa ruwa ya kwashe ƙasar gindinsa, ya bar baki mai tsawon tafin hannu, daidai abin da ke tsayar da ƙaramar taya. Wani gangaren kuma an yi shi ne don mai duba gini ya gani, tsayuwarsa ko mai ƙafa biyu sai ya yi nishi.

Ma'aunin da aka sani a duniya shi ne 1 bisa 12: kowane santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. In dakalin aji ya kai santimita 30, gangaren ya zama santimita 360, wato mita 3 da santimita 60. Ga darasin lissafi a shirye ga ƴan aji shida: a ba su igiyar awo su auna ƙofar ajinsu, su fitar da amsa, su kai wa darakta. A saman gangaren a bar shimfiɗaɗɗen wuri inda keke zai tsaya a buɗe ƙofa, a gefensa a yi ɗan baki mai tare taya, kuma kada a goge simintin ya yi santsi. Inda babu siminti, jar ƙasa da tsakuwa da aka daɓe sosai suna aiki, in dai za a riƙa sabuntawa bayan kowace damina. Haka za a daɓe siririyar hanya daga bakin makaranta zuwa aji, daga aji zuwa makewayi. Yarinyar da kekenta ba ya kai ta makewayi za ta daina shan ruwa da safe, daga baya ta daina zuwa.

Ƙofar da keke ke shiga da sauƙi ita ce kuma wadda zai fita da sauri. Ba mu manta gobarar azuzuwan zana ta 8 ga Nuwamba 2021 a birnin Maraɗi ba, wadda ta ci rayukan yara fiye da 20. Kowane malami ya tambayi kansa: in aka ce a fita da gudu yau, yaya ɗalibina mai keke zai yi? A zaunar da shi kusa da ƙofa, a bar hanyarsa a buɗe, kuma a san tun yanzu wa zai taimaka masa.

Hannun da ke turawa

Yara na son tura keken ɗan uwansu, kuma abu ne mai kyau. Amma in ba a koya musu ba, sai ya zama wasan tsere. Minti goma sun isa a nuna wa aji duka. Ba a taɓa keke sai an tambayi mai shi, domin keken kamar jikinsa ne. Ba a gudu, ba a saki a gangara, ba a ɗane bayansa. A cikin yashi mai zurfi, a taka ƙarfen baya a ɗaga gaban keken ya tafi bisa manyan tayoyi, ko a ja shi da baya. In za a hau matakala, ƙananan tayoyi ke fara hawa. In za a sauka, a juya baya, manyan tayoyi su fara sauka, mai taimako yana tare da keken daga ƙasa. In za a ɗaga shi ɗungurungum, a kama jikin ƙarfen, ba madogarar hannu ko matakin ƙafa ba, domin waɗannan suna iya cirewa.

Shi ma yaron a koya masa abin yi in keke ya tafi da shi ta baya: ya sunkuyar da kai, haɓa a ƙirji, don ya tsare ƙeyarsa. In kuma ya faɗi ya bugu a ka, sai amai ko yawan barci ko ruɗewa suka biyo baya, a kai shi likita nan take. Wanda ba ya jin ƙafafunsa yana iya karyewa bai sani ba, saboda haka a duba kumburi ko da bai yi kuka ba.

Sai kula da keken kansa. Ƙasarmu ƙasar ƙaya ce, ga ta gawo, ga ta aduwa, ga tsidau. Taya ɗaya in ta rage iska, keke zai riƙa ja gefe guda, birkin wannan gefen kuma ba zai kama ba, tun da tayar yake dannewa. Sau ɗaya a mako a matsa tayoyi a ji, a gwada birki, a ɗaure notin da ya saki, a cire zare da gashin da suka naɗe a ƙananan tayoyi, a share yashi, a sa mai. Mai facin babur na bakin kasuwa ya iya duk wannan. Kuma tun da yaro girma yake yi, duk wata shida a sake duba awon nan na yatsu.

Abin da za a ce mini

Wani zai ce da babu gara ba daɗi, a bar masu bayarwa su bayar. Ban ce a daina ba. Cewa na yi wanda zai sayi kekuna 20 ya sayi 18, kuɗin biyun ya ɗauki mai awo, ya sayi matasan zama da famfon iska, ya kuma dawo bayan wata shida. Keke 18 da ake hawa sun fi 20 da rabinsu ke bayan rumbu.

Wani zai ce malami ba likita ba ne, ga aji mai yara 70 ko 80. Gaskiya ne, kuma yaro mai rauni a ƙwaƙwalwa ko a ƙashin baya sai ƙwararre ya gan shi kafin a taɓa mazauninsa. Amma ganin taya a sace, da cire jaka daga bayan keke, da cike rami a bakin ƙofa ba aikin likita ba ne. Lokacin da muke makarantar horon malamai an koya mana yadda ake jera benci da yadda ake tsayuwa a gaban allo, ba a taɓa kawo keken guragu cikin aji an ce ga yadda ake saukar da shi daga dakali ba. Darasin yini guda ne, kuma mafi cancantar koyar da shi su ne manyan da suka shekara 20 ko 30 a kan keke, waɗanda ƙungiyoyin naƙasassu na jahar Maraɗi ke cike da su.

Wanda kuma ya ɗauka alfarma muke nema, ya sani Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. Sashe na 20 ya yi maganar kayan taimakon tafiya masu inganci da kuma horo kan amfani da su, sashe na 24 ya tabbatar da haƙƙin karatu tare da sauran yara. A watan Disamba 2019 ƙasarmu ta kafa tata dokar kan shigar da naƙasassu cikin al'amuran jama'a. Takardu sun cika. Abin da ya rage shi ne doka ta sauko daga Yamai ta iso bakin ƙofar aji.

Don haka ga roƙona. Kwamitin kula da makaranta ya sa gyaran gangare da hanyar makewayi cikin ayyukan share fagen komawa aji, kamar yadda ake sa gyaran rufi. Darakta ya ajiye famfon iska da sufana a ofishinsa. Ofishin magajin gari kada ya karɓi sabon aji daga ɗan kwangila sai an tura keke an hau gangarensa an gani. Masu rabo su zo da igiyar awo kafin su zo da mai hoto. Iyaye kuwa, in yaro ya faɗi, kada a jingine keken a ce shi ke nan. A zo makaranta da shi, mu zauna tare da yaron, mu je daidai wurin da abin ya faru, mu duba: ta baya ya tafi, ta gaba, ko ta gefe? Amsar wannan tambaya ita za ta nuna mana abin da za mu gyara, kuma sau da yawa kafin la'asar an gama. Allah Ya ba mu ikon yi.